Shekarar da Janar Ya Nemi Sunan Na Gida

Ranar Sallar da ta wuce, muna zaune ana shan shahi a gidan ƙanwarku a unguwar Aziziyya, nan Jidda, na ji ɗan'uwanku Soja yana gaya wa matarsa da Larabci wai kakarsa ba ta taɓa sonsa ba. Wai kowane jika tana ɗauka ta goya, ta yi masa wasa, shi kuwa ko sunansa ba ta taɓa kira ba, in ya shigo ɗaki ma sai ta kau da kai. Na ajiye kofina na fita, kuka ce ai halin Baba ne, ransa ya ɓaci babu dalili. To, akwai dalili. Na yi shiru ne don na san in na buɗe baki a wurin faɗa zan yi, ba bayani ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, kuma da Hausa zan rubuta, wanda ya ga ta yi masa nauyi ya je ya nemi mai karanta masa. Kai Soja, da kai nake, amma sauran ma ku buɗe kunne.

Kakanku Sule, wanda nake ce wa Baba, wanzami ne, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina da ake kira Kukar Wanzamai. Shi da Inna, kakarku, a ƙafa suka taso zuwa aikin hajji, irin tafiyar mutanen da, a yi ƙodago a gonar wani a nan, a yi aski da ƙaho a can, a sami guzuri a ƙara gaba, har shekaru suka wuce kafin su ga teku. Lokacin da za su taso suna da ɗa guda, ɗan fari, bai fi shekara biyar ba. Ya wuce goyo, bai kai tafiya ba. Sai aka bar shi a hannun wan Baba, a kan in sun sauke farali za su komo. Ba su koma ba. Hanya ta cinye ƙarfinsu, Jidda ta riƙe su, aka haife ni a unguwar Hindawiyya cikin ɗakin langa-langa. Ina yaro wani alhaji ya zo ya gaya wa Baba cewa wan nasa ya rasu, rijiyar ƙauyen ta ƙafe mutane sun watse, yaron kuma ya girma, an ce ya shiga soja. Iyakar abin da muka taɓa ji ke nan.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba, ku da uwarku take ƙwala wa babbar yayarku kira daga saman bene unguwa duk ta ji. A wurin su Inna, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi ta yi kamar ba da ita ake ba. Kunya ke nan, kuma ba abin wasa ba ce. Baba ma haka yake. Saboda haka na tashi na san ina da wa, amma ban san sunansa ba. In ta kama dole a ambace shi, sai su ce “na gida”. Baba ya rasu da sunan a bakinsa, kuma a duk Hindawiyya babu wanda ya fito daga ƙauyensu, don haka a duniyar da muka sani Inna kaɗai ta rage da shi. Kowace shekara in alhazan Najeriya sun fara sauka, sai ta ɗauki tanda da ƙullu ta tafi inda ake saukar da su ta kafa waina. Ba don ciniki ba ne, don rabin wainar kyauta take bayarwa. Fuskokinsu take kallo. Baba da hannunsa ya yi wa yaron zane uku-uku a gefen baki, ita kuwa duk namijin da ya tsaya gabanta sai ta bi bakinsa da ido kafin ta dubi hannunsa. Ban taɓa jin ta faɗi abin da take nema ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ina da 'ya'ya uku, uwarku tana da cikin Soja, kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya tura ni Abhur, can bakin teku a wajen gari, in riƙa tuƙa wani tsohon Bature da kamfaninsu ya ɗauko don ya ba su shawara kan tsaron tashar jiragen ruwa. Aka ce mini Janar ne na sojan Ingila da ya yi ritaya, kada in yi masa surutu. Dogo ne, bayansa a miƙe, gashinsa fari fat, yana zama a baya da jarida ba ya ce mini ko uffan. Ana nan wata safiya wani ɗan iska ya yanko mini gaba da ƙaramar mota, na taka birki, zuciya ta ɗebe ni na leƙa taga na aika masa da ashar da Hausa, har da uwarsa. Sai na ji murya daga bayana, a hankali.

“Malam, ka bar uwarsa. Ba ita ke tuƙi ba.”

Saura kaɗan in hau kan dakalin titi. Na duba madubi na ga ya sauke jarida yana dariya har kafaɗunsa suna rawa.

“Ranka ya daɗe, a ina ka ji Hausa?”

“A Zariya,” in ji shi, “tun ba a haife ka ba. Ja mota, ana yi mana oda.”

Daga ranar jarida ta huta. Hanyar Abhur zuwa cikin gari doguwa ce, a kanta na ji tarihinsa kaf, yau kaɗan gobe kaɗan. Ubansa soja ne, kakansa soja ne, shi ma bai taɓa tunanin akwai wani aiki ba. Yana ɗan saurayi ko gemu babu aka liƙa masa anini ɗaya a kafaɗa aka tura shi bariki a Zariya, aka danƙa masa mutane irin Baba, manya masu iyali, wai shi ne zai yi musu umarni. Sojojin suka sa masa suna Ɗan Tsako. Samanjansu, wani Bazazzagi, shi ya koya masa Hausa, ya koya masa yadda ake gaida tsoho, da yadda ake yi wa mutum faɗa ba a tozarta shi a gaban matarsa ba. Hausarsa irin ta bariki ce, tsohuwa, a tsaye take kamar ana fareti, akwai kalmomin da ni ban taɓa ji ba sai a bakin Baba. Da Turawa suka tattara za su tafi aka mai da shi gida, daga nan sai girma ya yi ta hawa. Ya yi kyaftin a dazukan Malaya inda ya ce tufa ba ta bushewa a jikin mutum, ya yi manjo a duwatsun Adan inda ya binne yaransa da yawa, ya yi kanar a Jamus cikin sanyi suna gadin iyaka, suna jiran yaƙin da bai zo ba, daga ƙarshe aka zaunar da shi a ofis a Landan da janar a gaban sunansa. Matarsa ta gaji da ƙaura ta tafi, 'ya'yansa a makarantar kwana suka girma, suna gaishe shi kamar baƙo. Kayan sojansa suna rataye cikin kabad a Abhur, na taɓa gani da na kai masa akwati, lambobin girma jere a ƙirji. Na ce masa wannan ai ya gama samun duniya.

“Mamman,” ya ce, “da ina da anini ɗaya, na san sunan kowane mutum nawa, na san wanda ƙafarsa ke ciwo da wanda matarsa ta haihu. Da aka ba ni bataliya, sai hafsoshi kawai na sani. Da aka ba ni runduna, ba na ganin kowa sai taswira. In aka ce in zaɓi shekara ɗaya in koma, Zariya zan koma, a kira ni Ɗan Tsako.”

Abin ya riƙa ba ni mamaki, kuma gaskiya ya riƙa yi mini ciwo. Ni da nake Bahaushe ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Bature ne yake kwatanta mini ƙanshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, da yadda dawa take rufe mutum a kan doki. Ina tuƙi ina jin kewar wurin da ban taɓa takawa ba. Shi kuma yana tambayata ko har yanzu ana tuwo da miyar kuka a duniya. Na ce ana yi, a gidanmu ma. Haka na kai shi Hindawiyya wata Juma'a da la'asar, yara suka biyo mu har ƙofa. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa da tsofaffin gwiwoyinsa ya gaida Inna, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, bai bar ko ɗaya ba. Ya wanke hannu ya cinye malmala biyu, ya suɗe yatsu. Da ya tafi Inna ta dube ni.

“Baturen nan ya fi ka ladabi,” in ji ta.

Ba a daɗe ba ya gaya mini zai tafi Najeriya. Ya sami labari samanjansa yana nan da rai a Kaduna, ya tsufa ƙwarai, yana so ya gan shi kafin ɗayansu ya riga ɗaya. A nan ne na tsayar da mota a gefen hanya na ba shi labarin na gida. Ya saurara har na gama, sannan ya ce abin ba shi da wuya kamar yadda nake tsammani. A soja, in ji shi, mutum sunansa ne da sunan garinsa, wane Katsina, wane Kano, kuma tsofaffin sojoji sun san junansu, in samanja bai sani ba zai san wanda ya sani. In kawo masa suna kawai. Na ce masa suna yana wurin Inna. Ya gane tun kafin in ƙarasa.

Na sami Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida na gaya mata. Faifan ya tsaya a hannunta. Ta ce in gaya wa Bature yaron bahago ne, yana da zane uku-uku a gefen baki, da tabon kunu a cinyarsa ta dama. Na kai wa Janar, ya ce rabin mutanensa suna da wannan zanen, kuma ba zai bi tsofaffi yana ɗaga musu wando ba. Na dawo na ce Inna, suna ake so. Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana da kwanaki muna haka. Na lallasa, na kawo mata tamis da ful, gurasa da waken Larabawa, masu zafi da safe, na sa uwarku ta yi mata magana mace da mace, duk a banza. Ba ta iya rubutu ba balle ta rubuta. Na ce to bari in yi dabara, na zauna gabanta na fara jero sunaye, Adamu, Nuhu, Ibrahim, in na zo kansa ta gyaɗa kai kawai.

“Ni za ka yi wa wayo, Mamman? Ko da kai na amsa, ai na faɗa.”

A nan ne raina ya ɓaci na ɗaga murya, abin da ban saba yi mata ba. Na ce shekara nawa tana ƙona fuskarta a bakin tanda tana leƙen bakin mutane, yau Allah Ya kawo hanya har gida, kunya za ta sa ta bari ta wuce? Na ce wa za ta ji wa kunya a nan, Baba ya tafi, ƙauyen ya watse, a Jidda muke, wa ya damu? Ta bar ni na gama.

“Shi kaɗai ne abin da nake yi masa,” ta ce. “Ban yaye masa wahala ba, ban yi masa aure ba, ban san ko ya ci ko bai ci ba. Kunyar nan ita ce kaɗai ta rage da ke nuna ni uwarsa ce. In na ajiye ta, me zan riƙe?”

Na fita na bar gidan har magariba. Washegari na kai wa Janar ƙararta, ina tsammanin zai goyi bayana. Sai ya ce kada in ƙara matsa mata. Ya ce a bariki ya taɓa ganin matar wani saje da ɗanta na fari ya ɓace a kasuwa, ta yini tana bin rumfuna tana tambaya ko an ga yaro mai jar riga, hawaye na zuba, amma ba ta kira sunansa ba ko sau ɗaya. Ya ce shi zai tafi ranar da aka sa masa, in an samu sunan shi ke nan, in ba a samu ba ita ta san abin da take ɗauke da shi. Na ji haushinsa shi ma.

Saura 'yan kwanaki ya tashi uwarku ta haihu, namiji. Da hantsi, bayan an yi wa jariri wanka, na shiga na ɗauke shi zan yi masa huɗuba. Na riga na yanke Sulaimanu zan sa masa, sunan Baba. Na gama kiran salla a kunnensa ke nan, kafin in faɗi suna, sai Inna ta yi magana daga bakin ƙofa.

“Miƙo shi nan.”

Ta ce wa matan da ke ɗakin su ba ta wuri, suka fita. Ni ma na juya zan bi su.

“Kai tsaya. Matso kusa.”

Ta zauna a bakin gado da kai a cinyarta, Soja. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi uwarka ba. Ta daɗe tana kallon fuskarka, leɓenta yana motsi babu sauti, kamar mai gwada ƙofar da ta daɗe a rufe. Sannan ta sunkuya ta kai bakinta kunnenka na dama, ta yi magana daidai yadda zan iya ji.

“Zakariya'u. Allah Ya raya ka, Zakari.”

Ta miƙo mini kai ta tashi ta fita, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da aka riga aka share. Uwarku tana kuka a kan gado, ni kuma na tsaya da jariri a hannu, ina da shekara talatin da wani abu, ranar na fara jin sunan wana. Ba ni ta gaya wa ba, ba Bature ta gaya wa ba, kai ta gaya wa, don jariri ba a jin kunyarsa. Na ajiye ka na ɗauki mota sai Abhur. Na sami Janar a baranda yana kallon teku, na ce masa Zakari, Zakari Katsina. Ya miƙe tsaye, ya maimaita sau biyu, ya ce ba zai manta ba.

Makonnin da ya yi a can Inna ba ta tambaye ni komai ba, amma ta sa an wanke babbar darduma, ta sayi sabon kwano da murfi ta ajiye a kan kabad. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ni kaina na fara tunanin yadda zan roƙi kafili ya samo wa wana bizar umra, har ina raya inda zai kwana. Da Janar ya dawo na ɗauko shi daga filin jirgi, sai da muka kusa gida ya ce gobe da la'asar in kai shi wurin Hajiya, a gabanta zai yi magana. Washegari ya fito da baƙar kwat, lambobinsa a ƙirji, da tsohuwar hular soja. Inna tana zaune a kan tabarma ta hango shi daga soro, ta ja mayafinta ta rufe kai. Ta riga ta sani.

Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Samanja ya san Zakari sarai, abokinsa ne. Bahago ne, mai busa bigila, shi yake tashin bariki da asuba. Ya kai saje, ya je yaƙin basasa ya dawo lafiya, ya yi ritaya, ciwon ciki ya ɗauke shi damina uku ko huɗu da suka wuce. Matarsa ta koma danginta can wajen Borno da yara biyu, samanja bai san garin ba. Inna ta ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Janar ya ce akwai saura, ya yi ta tunanin ko ya faɗa ko ya bari, amma haƙƙinta ne. Zakari ya zo hajji, tare da samanja suka zo. Kwana biyun da suka yi a Jidda suna jiran jirgi, bai zauna ba, ya yi ta bin masu sayar da abinci yana tambayar Sule wanzami da matarsa, wannan ya tura shi can, wancan ya ce ai a Makka suke, har aka kira jirginsu. Na tambayi wace shekara ce, ya faɗa. Ina cikin lissafi a zuciyata Inna ta riga ni.

“Shekarar nan ban fita ba,” ta ce. “Ina takaba.”

Baba ya rasu ana saura wata guda hajji, ita ce shekara ɗaya tak da ba ta kafa tanda ba. Can Janar ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Hajiya, samanja ya ce Zakari ya shigo kurtu a Zariya a shekarata ta ƙarshe. Ke nan ta hannuna ya bi, ni na koya masa tsayuwa da riƙon bindiga. Na yi ta neman fuskarsa a kaina, ban same ta ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban tuna shi ba. An ba ni 'ya'yan mutane da yawa, na manta sunayensu.”

Inna ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Yana da tsawo?”

“Samanja ya ce ya fi ni.”

“Ubansa gajere ne,” ta ce. “Dangina ya biyo.”

Tun da nake ban taɓa jin ta jingina shi da kanta a gaban mutane ba sai ranar. Janar ya tashi da ƙyar, ya mai da hularsa, ya haɗa ƙafafu ya sara mata kamar yadda ake sara wa babban hafsa, ya daɗe hannunsa a sama. Da zai fita uwarku ta kawo ka ya gani, ya taɓa kumatunka da yatsa ɗaya ya ce, “Soja.” Daga nan sunan ya bi ka, ba don taurin kanka ba kamar yadda kake ba mutane labari, ko da yake taurin kan ma akwai. Bai ƙara shekara a Jidda ba ya koma ƙasarsu. Bayan wani lokaci na ji a ofis ana cewa ya rasu. Har yau in na bi hanyar Abhur nakan duba madubi.

To, ga abin da ba ka sani ba. Tun ranar da ta sa maka sunan, kunyar da take yi wa ɗanta ta dawo kanka. Ba za ta kira ka ba, ba za ta goya ka a gaban mutane ba, in ka shigo ta kau da kai, gaskiya ka faɗa. Amma sabon kwanon nan mai murfi, naka ya zama, a ciki take ajiye maka ƙanzon tuwo ta ba uwarka ta ce a ba “yaron nan”, kada a ce daga ita ne. Da ka fara zuwa makarantar allo, tana tsayawa a bayan labule tana binka da ido har ka sha kwana, kullum, ni na sha kama ta. Da ka yi ƙyanda azumi ta ɗauka ba ta ajiye ba sai da ka tashi. Tanda kuwa ba ta ƙara fita da ita ba, ta ba wata maƙwabciya.

Kana da shekara biyar ta kwanta ciwon ajali. Ranar ƙarshe da rana tsaka, ina zaune a gefenta ina yi mata fifita, kai kana tsakar gida kana tura murfin gwangwani wai mota. Ta kwana biyu ba ta gane kowa. Sai ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta ɗaga murya da ƙarfin da ban san tana da shi ba, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in abinci ya sauka.

“Zakari.”

A gida babu mai kiranka haka, amma malaminku na allo yana kira, don haka ka saki gwangwani ka shigo a guje, ƙafafunka duk ƙura.

“Na'am, Kaka.”

Ta kama wuyan hannunka ta riƙe gam. Ta shafa gefen bakinka da babban yatsa, nan da nan, inda zane zai kasance.

“Ka yi haƙuri,” ta ce, “hanyar ce da nisa.”

Kai ba ka san me ake ciki ba, ka dube ni, na gyaɗa maka kai. Sai ka ce mata ba komai, da 'yar Hausarka ta yara, ka tambaya ko za ka iya komawa wasa. Ta sake ka. Kafin la'asar Inna ta cika.

Kai ka manta, yaro ne kai, ba laifinka ba ne. Amma kada in ƙara jin ka ce ba ta taɓa kiran sunanka ba. Sau biyu ta faɗe shi a rayuwarta, duka biyun a kunnenka.